Filin yaƙin Hastings: tarihi muka je gani ko ciyawa?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake. Ranar Asabar na kwashi iyali daga Landan zuwa Hastings don yara su ga inda Faransawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, saboda an ba babbar 'yata aikin makaranta a kai. Muna isa bakin teku aka ce ai ba a nan aka gwabza ba, mu koma wani gari da ake kira Battle, wajen kilomita 11 daga nan. Muka je, muka biya kuɗin shiga. Me muka tarar? Fili mai gangara, ciyawa, sojojin katako jefi-jefi, sai kangon coci. Aka nuna mana wani dutse a shimfiɗe a ƙasa, wai nan Sarki Harold na Ingila ya faɗi. Na tambaya ko an taɓa tono takobi ko ƙashin mutum na ranar yaƙin, aka ce ba a samu ba. To da me aka san nan ne? Ni dai na ce filin nan ba shi ba ne, kuɗin mutane kawai ake karɓa.

Malam na Leeds: Wa alaikumus salam. Sannu da hanya, Baban Amira. Amma kada yarinya ta rubuta Faransawa a takardarta. Normawa ne, mutanen Normandy da ke arewacin Faransar yau. Kakanninsu 'yan Viking ne daga arewacin Turai, a 911 sarkin Faransa ya yanka wa shugabansu Rollo ƙasa don ya daina kai masa hari.

Ɗan Damagaram: Malam, da girmanka, amma daga 911 zuwa 1066 shekara 155 ke nan. Harshen Faransa suke yi, sun zama Kiristoci, sun yi auratayya da mutanen wurin. A Caen nake karatu, kabarin Wiliyam, shugaban Normawa da ya ci yaƙin, yana cikin cocin da ya gina a garin nan, Falaise inda aka haife shi ma ba nisa. Duk cikin Faransa suke.

Malam na Leeds: Faransar yau kake kallo, ƙanena. Sarkin Faransa na lokacin, Filib na ɗaya, yaro ne, kuma ba shi ya tura rundunar ba. Wiliyam ya yi yaƙi da mahaifin yaron a Mortemer a 1054, ya sake a Varaville a 1057. Ko ajalinsa a 1087, yana cikin yaƙi da sarkin Faransa ciwon da ya kashe shi ya same shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da su za ka ba su kyauta?

Ɗan Damagaram: To ka nemi ƙyallen garin Bayeux na nan Faransa ka karanta da idonka. Dogon ƙyallen nan mai surfani, kusan mita 70, wanda aka ɗinka labarin yaƙin a kai tun ƙarni na 11, a inda aka nuna gawarwaki an rubuta da Latin cewa Ingilishi da Faransawa sun faɗi tare. Mutanen zamanin ne suka kira su haka, ba ni ba.

Direban Dare: Ni na gane inda Malam ya dosa. Tunda ya karɓi fasfon Birtaniya ba ya son a ce Faransa ta taɓa kayar da mutanensa.

Malam na Leeds: Ka ji tsoron Allah. Fasfona ina ruwansa da Rollo? In ana maganar ilimi ku bar shigo da abin da mutum ya ajiye a aljihu.

Direban Dare: Shi ma na Damagaram mamaki yake ba ni. Ƙasarku ta kori sojojin Faransa a 2023, kai kuma kana nan kana nema musu nasarar shekara dubu.

Ɗan Damagaram: Yaya, kada ka taɓa ni ta nan. Na fi ka sanin abin da Faransa ta yi mana, a gidanmu aka yi. Amma ƙin mutum ba ya goge rubutun da ke jikin ƙyalle.

Baban Amira: Jama'a, ni fa fili na tambaya.

Direban Dare: Ko Banorme ko Bafaranshe, shege ne dai. Haka ake kiransa tun yana raye, uwarsa Herleva ba a ɗaura mata aure da ubansa ba.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Akwai yara da ke karanta zauren nan a wayar iyayensu. A goge wannan kalmar.

Direban Dare: Hajiya, a gafarce ni, amma a littattafan makarantar yaran ma haka laƙabin yake.

Hajiya Babba: Littafinsu daban, bakinmu daban. Laifin iyaye ba a ɗora wa ɗa. In zaginsa kake so, ga abin da ya aikata da hannunsa: daga 1069 zuwa 1070 ya ƙone gonaki da rumbuna a arewacin Ingila, ya kashe dabbobi, yunwa ta cinye talakawan Yorkshire. Wannan ne abin faɗa.

Malam na Leeds: Hajiya ta yi gaskiya, a yankinmu aka yi. Kuma Normawa suka yi shi.

Ɗan Damagaram: Ka ga ya sake dawo da ita ta bayan gida.

Uwar Biyu: Baban Amira, ni na je da nawa yaran, kuma ban ji an cuce ni ba. Wiliyam ne da kansa ya sa a gina cocin nan na Battle don kaffarar jinin da aka zubar, aka keɓe shi don ibada a 1094, lokacin wasu da suka yi yaƙin suna da rai. Ka lura da yadda ginin ya maƙale a gefen tudu, sai da aka yi masa ɗakunan ƙasa masu tsawo don bene ya daidaita? Ba wanda zai zaɓi wurin nan don daɗi. Tarihin da rahiban wurin suka rubuta ya ce sun so wani wuri mai sauƙin ruwa, sarki ya ƙi, ya ce sai inda Harold ya faɗi. Makamai kuwa dukiya ce, ba a barinsu a ƙasa. A gefen ƙyallen Bayeux ɗin ma ana ganin mutane suna tuɓe wa gawa sulke. Ka sauka ƙasan gangaren ka hau da ƙafa, sai ka ji abin da masu hawa da garkuwa suka sha daga safe har magariba ranar 14 ga Oktoba. Da kun biya Pevensey ma, inda jiragen Wiliyam suka sauka ranar 28 ga Satumba, ganuwar Rumawa tana nan tsaye, yara za su sami abin taɓawa.

Baban Amira: Amma na ji wani shirin talabijin a 2013 ya ce tsakiyar yaƙin tana wajen wani shataletale a kan titi. Wannan kuwa kyauta ake wucewa.

Uwar Biyu: Shataletalen nan ɗan taku kaɗan ne daga cocin. Tudu ɗaya ne.

Direban Dare: Hajiya, na goge. Amma Malam bai amsa maganar fasfo ba.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, za mu rufe nan. Abin da ya fito fili: Normawa ne suka ci Ingila, kamar yadda Malam ya kawo da shekaru da sunayen yaƙe-yaƙe, kuma ba wanda ya iya rushe hujjarsa. Maganar Faransa son rai ne na masu zama can. Direba ya goge kalmarsa, mun gode wa Hajiya. Baban Amira, a gaya wa Amira ta rubuta Normawa.

Ɗan Damagaram: Shugaba, ina rubutun Bayeux a cikin bayaninka? Tun da rana na kawo shi, ba wanda ya taɓa shi. Gobe in Allah ya kai mu zan turo hoton wurin, Malam ya fassara mana da kansa.