Kontar ɗin kuran namu yana ƙin karɓar kod, ku taimaka

Salamu alaikum ƴan uwa, a Tawa nike. Tun da aka sa muna kontar mai kati ban huta ba wallahi. Jiya na sayi kuran na jika biyar, na buga lambobin nan 20 har sau ukku ina haskawa da tocilan waya, ya ƙi karɓa, ga zahi, ga kankarar da maiɗakina ke saidawa duk ta narke cikin firgo. Ko don akwai wani tsohon kod da ban buga ba ne?

Sannan kilowat 3 muke, da an jona dutsen guga firgo na aiki sai ya yanke. In na koma kilowat 6 kuɗin kowane kilowat zai ƙaru ne? Wanda ya taɓa canzawa ya gaya min don Allah.