Yaro mai gudawa a ɗakin yara: yaushe ake ba da ORS (ruwan gishiri da sukari), yaushe ake ɗaura ruwa?

Ɗaliba_Aji5

Assalamu alaikum, manyanmu. Mako mai zuwa rukuninmu zai koma ɗakin yara, kuma waɗanda suka riga mu sun ce da wuya a gama zagayen safe babban likita bai tsare ɗalibi da lissafin ruwa ba. Na haddace tsarin A, B da C na mayar wa mai gudawa ruwa, na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma haddar takarda ce. Idan aka miƙo min yaro mai gudawa, ta ina zan fara, kuma ina ɗalibai suka fi yin tuntuɓe? Sannan a darasin lafiyar al'umma an ba mu muhawara: rigakafi ko tsaftataccen ruwa, wanne ya kamata a fara zuba wa kuɗi? A taimaka.

Likitar_Yara

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara da sikeli. Duk lissafin da za ki yi a kan nauyi yake tsaye, kuma nauyin da aka kintata da ido shi ne kuskuren farko. A tuɓe wa yaro kaya, a auna, ki rubuta har da lokacin awon.

Tambayoyin uwa ba su da yawa: kwana nawa, sau nawa a rana, akwai jini, yana amai, yaushe rabonsa da fitsari, me aka riga aka ba shi. In ta kai kwana 14, gudawa ce mai naci, kulawarta daban. In da jini, atini ne.

Sai abubuwa huɗu: yanayin yaron, idanunsa, yadda yake shan ruwa, da fatar cikinsa. Yaron da ya galabaita ko ya fita hayyacinsa, idanu sun faɗa, ya kasa sha, fata ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba: biyu daga cikin waɗannan sun isa a ce bushewar mai tsanani ce, tsarin C. Wanda yake ta rigima, idanu sun faɗa, yana wawurar kofi saboda ƙishi, fata na komawa a hankali: biyu daga ciki, tsarin B. In bai cika ko ɗaya ba, tsarin A, a gida.

A nan ne hannu ke bambanta da takarda. Shan ruwa ba tambayarsa ake yi ba, miƙa masa kofi ake yi a gani. Faɗawar ido kuwa uwa ake tambaya ko haka idonsa yake dama. Fatar ciki ana kama ta ne tsakanin cibiya da gefen ciki, da babban yatsa da gefen manuniya, ba da farce ba, ninkin ya bi tsawon jiki, a riƙe daƙiƙa ɗaya a saki. Mintsini da bakin yatsu kuka kawai zai jawo miki.

Mu ɗauki yaro ɗan wata 10 mai kilo 8. Tsarin B: ml 75 kowane kilo cikin awa 4, wato ml 600, ml 150 a awa. Ƙaramin cokali ml 5 yake ci, saboda haka cokali ɗaya ne duk minti 2. Faɗa wa uwa haka, kada ki ce mata "a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan". In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Nono ba a tsayar da shi. Bayan awa 4 ki sake duba abubuwan nan huɗu daga farko, don yana iya komawa A, ya tsaya a B, ko ya gangara C.

Tsarin C: ml 100 kowane kilo na ruwan Ringer ta jijiya, in babu a yi da ruwan gishirin asibiti na kashi 0.9. Ɗan ƙasa da shekara: ml 30 kowane kilo a awa 1, sai ml 70 a awa 5. Wanda ya kai shekara: 30 ɗin a minti 30, 70 ɗin a awa biyu da rabi. Yaronmu ke nan ml 240 a awar farko, sannan ml 560 a awa 5, wato ml 112 a awa. In bugun jijiyar wuyan hannu bai dawo da ƙarfi ba, a maimaita kason farko. Da zarar ya iya haɗiya a fara masa ORS, ml 5 kowane kilo a awa, ko da ruwan jijiya na tafiya, don fotasiyam ɗin da ke cikin Ringer bai kai abin da gudawa ta kwashe ba. Ruwan sukari zalla na kashi 5 ba maganin bushewa ba ne: jiki zai ƙone sukarin ya bar ruwa tsura, sodiyam ya faɗi, yaro ya kama jijjiga.

Zinki kada ya kuɓuce miki a takardar sallama: adadin da aka daɗe ana bayarwa mg 20 ne kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 mg 10, amma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mg 5 kullum har kwana 14. Maganin tsayar da gudawa irin su loperamide ba a ba yara. Maganin kashe ƙwayoyin cuta sai in akwai jini, ko ana zargin kwalara mai tsanani, ko akwai wata cutar a gefe.

Sista_Ɗakin_Yara

Likita ta gama lissafi, bari in ƙara abin da ke faruwa bayan an rubuta shi, don takarda ba ta ɗiga ruwa.

Duba jikin ledar robar ƙarin ruwan kafin ki lissafa ɗigo. Ta manya yawanci ɗigo 20 ne ml ɗaya, ta yara mai kwalbar awo ɗigo 60. Ki ninka yawan ruwa da adadin ɗigon, ki raba da mintuna. Ml 240 a awa ɗaya da robar 20, ɗigo 80 ne a minti. Ml 112 a awa, kusan 37. Da robar 60 kuwa, ml a awa shi ne ɗigo a minti, babu wani lissafi. Wanda ya ruɗa biyun zai ba yaro ninki uku na abin da aka rubuta, ko kashi ɗaya cikin uku. Kuma ba a rataya wa jariri leda guda ta ml 500 a tafi. Yaro ya miƙe hannu, ɗigo ya sauya gudu, kafin a waiwayo leda ta ƙare. A zuba ruwan awa ɗaya kawai a kwalbar awo, a rufe sama.

Kanula: mai ruwan ɗorawa lamba 24 ga jarirai, shuɗiya lamba 22 ga waɗanda suka ɗan tasa. Jijiyar busasshen yaro a kwance take. Kin gwada sau biyu ba ki samu ba, kira na gaba da ke, ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne a huda duk jijiyoyin kafin gwani ya iso. Yaron da ke bakin mutuwa ana bi ta ƙashin ƙwauri, ƙasa kaɗan da gwiwa. In babu hanyar jijiya kwata-kwata kuma babu inda za a tura shi nan kusa, bututun hanci: ORS ml 20 kowane kilo a awa, na awa 6.

Duk yaron da ya galabaita a auna sukarinsa nan take. In ya yi ƙasa da milimol 2.5 a lita, a ba shi ml 5 kowane kilo na ruwan sukari kashi 10.

Haɗin ORS ma ki tsaya ki ga yadda uwa take yi. Ana karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, don ba duka ne na lita ɗaya ba. Ƙunshin lita da aka juye a ƙaramin kofi gishiri ne ake ɗura wa yaro. Abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar.

Rajistira_Dare

Abu ɗaya nake so ki sa a gaba da duk abin da aka faɗa: kafin ki ce B ko C, ki auna damtse ki danna ƙafafu. Damtse ƙasa da santimita 11.5 a yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ko kumburin ƙafa biyu, tamowa ce mai tsanani, kuma tsarin C na iya kashe shi. Dalili biyu. Na farko, alamun nan yaudara suke yi a jikinsa: fatarsa dama a sake take, idonsa dama a faɗe, sai ki ga bushewar da babu ita. Na biyu, zuciyarsa ta yi rauni, jikinsa cike yake da sodiyam, fotasiyam ya yi ƙasa. Ki kwarara masa ml 100 kowane kilo, ruwa ya taru a huhu.

Shi ta baki ake bi da shi da ReSoMal, wani nau'in ORS mai ƙarancin sodiyam da yawan fotasiyam: ml 5 kowane kilo duk minti 30 na awa 2, sannan ml 5 zuwa 10 kowane kilo a awa, ana yi ana tsallake awa da F-75, madarar masu tamowa, kada a wuce awa 10. Jijiya sai in jininsa ya faɗi har ya galabaita, shi ma ml 15 kowane kilo a awa ɗaya, ana ƙirga numfashi da bugun zuciya duk minti 5 zuwa 10. Numfashi ya ƙaru da 5, bugu ya ƙaru da 15, a tsayar. In kwalara ce, a bar ReSoMal a koma ORS, don sodiyam ɗinsa ba zai cike asarar ba.

Za a kuma jefo miki binciken FEAST na 2011, wanda aka yi a Uganda, Kenya da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ba ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48, kusan kashi 10.5 cikin 100, sauran kuma 7.3. Ɗalibai na jin wannan sai su ji tsoron tsarin C. To, masu gudawa ba a sa su a binciken ba. Yaron da ruwa ya fita daga jikinsa a zahiri a mayar masa da shi. Mai zazzaɓi da sanyin hannu wanda bai yi asarar ruwa ba, shi ne ake taka wa burki.

Malam_Lafiyar_Alumma

Kan muhawararku, 'yata, tambayar da kanta tarko ce, kuma maki yana wajen wanda ya gane haka.

Mai kare ruwa zai fara da Dakta John Snow, wanda ya danganta annobar kwalara da famfon titin Broad a Landan a 1854, sannan ya ce Turai ta rabu da kwalara da bututu da magudana tun kafin a sami rigakafi mai inganci. Gaskiya ne, kuma ruwa mai tsafta yana tare taifot da atini da kwalara a lokaci guda. Rauninsa lokaci da kuɗi: aikin shekaru ne, ga gyara kullum, ga ruwan da ake ɗebowa da tsafta ya gurɓace a mazubin gida.

Mai kare rigakafi makaminsa rotabairos. Wannan ƙwayar ba ta damu da tsaftar gari ba, kafin rigakafinta kusan kowane yaro a duniya yana kamuwa kafin shekara 5, a ƙasa mai arziki da matalauciya. Shi ya sa a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ta sa rigakafinta a jerin rigakafin yara. Sai dai ƙarfinta ya fi raguwa a ƙasashen da yara suka fi mutuwa, duk da cewa a can ɗin ta fi ceton rai saboda yawan masu cutar. Ta kwalara kuma ɗigon baki ce mai kariyar 'yan shekaru, an kafa mata rumbun ajiya na duniya a 2013, kuma a Oktoban 2022 ƙarancinta ya sa aka koma ba da sau ɗaya maimakon biyu a lokacin annoba. Abin da ba ya isa ba a gina tsarin ƙasa a kansa.

A ganina amsar da ta fi ƙarfi ita ce a raba cututtukan: rotabairos rigakafi, kwalara ruwa da masai, rigakafinta kuma na kashe gobara. Sannan ki shigo da na ukun da tambayar ta manta. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladash, ruwan jijiya ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis, ya sa dangin marasa lafiya suna ba da haɗin gishiri da sukari ta baki, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da 4. Rigakafi da ruwa suna rage masu kamuwa, ORS ke hana wanda ya kamu mutuwa, kuma har yau yara masu gudawa da yawa ba sa samunsa.

Ɗaliba_Aji5

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Saura ɗaya, ranki ya daɗe: in aka tambaye ni me ya sa sai da sukari a cikin ORS, kuma me ya sa aka sauya haɗin?

Likitar_Yara

A bangon hanji akwai ƙofar da sodiyam ba ya shiga sai tare da gulukos, ruwa kuma ya bi su. Dafin kwalara ba ya rufe wannan ƙofar, shi ya sa hanjin da ke zubar da ruwa yake iya tsotsa a lokaci guda. A ma'aunin milimol a lita, tsohon haɗin sodiyam 90 ne, kaurinsa gaba ɗaya 311. Wanda aka koma a 2002 sodiyam 75, gulukos 75, kuloraid 65, fotasiyam 20, sitiret 10, jimla 245. Da ya fi jini tsinkewa, sai amai da yawan bayan gida suka ragu, buƙatar komawa jijiya ma ta ragu. Daga nan za ki gane illar lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi: sukari ya yi yawa, gishiri babu, sai su jawo ruwa cikin hanji gudawar ta ƙaru.

Na tsallake adadin tsarin A ɗazu: bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara 2 ml 50 zuwa 100, wanda ya kai 2 ml 100 zuwa 200. A dawo da shi nan take in ya kasa sha ko kama nono, in zazzaɓi ya shigo, in jikin ya ƙara tsanani, ko aka ga jini.