Yawan ambato ko katin da ke aljihun nas: Fried da Rockwood, wa ya fi tasiri?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Jiya a ofis na ce duk mai nazarin raunin tsufa a inuwar Linda Fried yake zaune, sai aka yi mini ca. To ga hujjata. A 2001, tana Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ita da abokan aikinta suka bi dattawa sama da 5,000 'yan shekara 65 zuwa sama, suka ware alamomi biyar: ramar da ba a nema ba, yawan gajiya, sanyin damƙa, jan ƙafa wajen tafiya, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa uku ya shiga sahun masu raunin tsufa. Kusan kashi 7 cikin 100 ne suka faɗa ciki. Maƙalar nan an kafa hujja da ita sau dubbai. Wa ya kamo ƙafarta?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, lissafin ɗakin karatu kake yi. Ni da nake kwana a ɗakin tsofaffi a nan Ingila, ban taɓa ganin an ɗauko na'urar gwada damƙa ƙarfe biyu na dare ba. An kawo tsoho yana haki, ka ce ya tashi ya taka mita huɗu da rabi kana duba agogo? Abin da ke aljihuna kati ne mai 'yan zane-zane, daga 1 (mai ƙoshin lafiya) zuwa 9 (wanda ke gab da ajali), ma'aunin Kenneth Rockwood na Jami'ar Dalhousie da ke Halifax a Kanada. A 2005 ya fito da shi da matakai bakwai, daga baya aka mayar tara. Sai in ja 'yarsa gefe in ce, mako biyu da suka wuce wa ke masa cefane, wa ke ƙirga masa magani, yana wanka da kansa? Kafin shayina ya huce na gama.

Baban Ummi: Sauƙin aiki daban, tasirin ilimi daban, Anti.

Ƙaramin Dakta: Ranka ya daɗe, ko a ilimin ma ba ita kaɗai ba ce a 2001. A shekarar ce Rockwood da Arnold Mitnitski suka kawo hanyar tara nakasu: a jera matsaloli kamar 40, a ga nawa mutum ke ɗauke da su, a raba da adadin da aka jera. Da ita aka gina ma'aunin kwamfuta mai abubuwa 36 da likitocin unguwa ke aiki da shi a Ingila. Batun ambato kuwa, bari in tona wa kaina asiri. Na sa sunan Fried a sakin layin farko na kundina, alhali taƙaitawar kawai na karanta. Irina nawa ne cikin dubban nan? Wanda ya ambace ta don ya soke ta ma, kwamfuta ƙirga shi take yi.

Kawu: Yaro ya faɗi gaskiya, Allah ya yi maka albarka. Amma Anti, katin naki ni tsoro yake ba ni. A Maris 2020 da korona ta cika asibitoci, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a duba shi wajen shawarar kai mutum sashen kulawa ta musamman, ta ja layi a mataki na 5. Masu fafutikar naƙasassu suka tayar da jijiyar wuya, domin matashin da aka haifa da lalura, wanda tun fil azal ana taimaka masa, zai faɗa sahun masu rauni ba tare da tsufa ya taɓa shi ba.

Anti Nas: Haka aka yi, Kawu, ina wurin. Cikin 'yan kwanaki suka gyara, suka ce ban da matasa da masu naƙasa ta dindindin. Amma a kan tsofaffi aka gwada ma'aunin tun asali, laifin na masu ja masa wuya ne. Kuma ai ka taya ni faɗa: ba wanda ya yi zanga-zanga a kan alamomi biyar.

Baban Ummi: A nan na kama ku. Babban abin da Fried ta kafa shi ne raunin tsufa daban, naƙasa daban, tarin cututtuka daban, ko da suna haɗuwa a jiki ɗaya. Da masu ja layin sun riƙe wannan, da ba a yi abin kunyar ba. Na yarda ƙirgar ambato da ɗan ruwa a ciki. Sauran maganata tana nan.

Kawu: To ku bar Halifax da Baltimore ku zo Damagaram. Gyatumata ta haura 85, ta bushe kamar kara, ba ta buɗe murfin kwalba, amma azumin Litinin da Alhamis bai wuce ta, kuma ita ke rabon tuwo a gidan. A sikelin Malam ta kusa faɗuwa. A naki fa?

Anti Nas: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kuɗin cefanen a hannun wa yake, kuma wa ke ɗaukar mata buta?