Musayar waƙa a kan Stephen Keshi

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan fada. Yau 7 ga Yuni, ranar da Stephen Keshi, tsohon kyaftin kuma kocin ƙwallon ƙafa na Najeriya, ya rasu a 2016. Na buɗe da baitukana. Duk mai amsawa ya riƙe ƙafiyar "shi" a ƙarshen baiti.

Ku zuba shayi, ku gyara zama,
Ƴan Damagaram, yau a bar gardama,
Mutum guda za mu girmama,
Mai tsaron baya, Stephen Keshi.

Ya taka leda a Abijan,
Stade da Africa Sports duk can,
Beljiyam ta kira shi nan da nan,
Anderlecht ta shaida ƙarfinshi.

Ya wuce Strasbourg can Faransa,
Faransanci a bakinshi ba wasa,
In ya yi hira, mu nan ƙasa
Ba ma neman mai fassara shi.

A 1994 can Tunisiya,
Biyu da ɗaya aka ci Zambiya,
Amuneke ya ci wa Najeriya,
Kyaftin ya ɗaga kofin Afirka da rauni a jikinshi.

Yaya ta Zongo:
Ƙanena, ka faɗi ɗan wasa ka bar koci. Ni Togo zan ɗauko, don can ne ya fara shiga raina.

Togo ba ta taɓa kofin duniya ba,
Ba a sa ta cikin lissafi ba,
Senegal ba ta zaci haka ba,
Tana kallo Togo ta tashi.

Ƙasa shida a rukuni, wasa goma,
Ga Mali, ga Zambiya, Kwango ma,
Ta ɗaya kaɗai ke samun dama,
Adebayor ƙwallo 11 rabonshi.

Kofin Afirka a Masar, 2006, wasa uku,
An sha kashi a dukkan uku,
Saɓani da Adebayor, kun ji da kunnenku,
Kafin a tafi Jamus aka sallame shi.

Shi ya yi noma, shi ya sha rana,
Otto Pfister ya ɗaure damin hatsinshi.

Mu Nijar mun san irin ciwon nan,
Harouna Doula ya kai Mena can,
Gabon, 2012, karo na farko ke nan,
Sai aka ɗora Courbis a kanshi.

Malam na Garin Malam:
Madalla Yaya. Ga yadda ya gina ekip ɗin Najeriya da ta ci kofin Afirka a 2013, daki-daki, don masu cewa sa'a ce.

Ya tara ƴan gida a Abuja,
Waɗanda ba a ba su daraja,
Makonni ana horo ana ja,
Mai lalaci ya kama hanyarshi.

Cikin 23 ya ɗauki shida
Masu bugawa a lig ɗin gida,
Martins da Odemwingie ba su a takarda,
Jaridu suka yi ca a kanshi.

Huɗu a baya, uku tsakiya,
Uku a gaba masu gudun tsiya,
Enyeama a raga, riƙon gaskiya,
Kowa ya san iyakar filinshi.

Omeruo yaro ɗan sha tara,
Da Oboabona, su ya tsara,
Yobo kyaftin sai ya yi jira
A benci, duk da girman sunanshi.

Aikin Onazi ƙwace da tarewa,
Aikin Mikel riƙo da rabawa,
Mba shi ke ɗauka da kutsawa,
Moses ya janye mutum biyu gefenshi.

Auta na Sabon Gari:
Malam, a gafarce ni, wannan tsarin ba da shi aka fara gasar ba. Wasa biyu na farko sun nuna inda rigar ta yage.

Da Burkina, Emenike ya ci ta fari,
Suka ja da baya suna tsaron gari,
Ambrose ya sha jan kati, ya ɓata tsari,
Minti 94 Alain Traoré ya rama nashi.

Da Zambiya Mikel ya ɓarar da fenariti,
Aka ci ɗaya, aka sake riƙon ganganci,
Mweene gola ya rama da fenariti,
Maki biyu a wasa biyu, abin haushi.

Ciwon ɗaya ne: a ci, a koma baya,
Ƙwallo ba ta zama a tsakiya,
Ya sa Mba, ya kawo Onazi tsakiya,
Daga nan ekip ta samu numfashi.

Mu ma Mena tana gasar nan,
Maki guda muka samo can,
Kassaly ya hana Kwango ci a ranar nan,
Da muka fita, sai muka bi Keshi.

Malam na Garin Malam:
Ka yi daidai Auta, Allah ya yi maka albarka. Gyaran da ka faɗa shi ya yi aiki ranar Giwayen Kodibuwa.

Rustenburg, Kodibuwa da Drogba,
Yaya Touré, Gervinho a gaba,
Aka ce Najeriya ba za ta kai ba,
Shi kuwa ya fito da shirinshi.

A matse Yaya kafin ya juya,
A hana Drogba ƙwallo daga baya,
In an ƙwace a buɗe ta gefe ɗaya
Kafin mai baya ya koma gurbinshi.

Minti 43, bugun tazara,
Emenike ya sako ta da ƙara,
Tioté ya rama da ka, aka ƙara,
Minti 78 Mba ya yi nashi.

Daga tsakiya ya jawo ta,
Ya ratsa su ya harba ta,
Jikin Bamba ya ɗaga ta,
Ta sauka bayan Barry ta bar shi.

Mali a Durban, huɗu da ɗaya,
Uku kafin hutu, ba a tsaya,
Ahmed Musa ya shigo daga baya,
Ya zura ta huɗu da saurinshi.

Ranar ƙarshe Burkina ta dawo,
Emenike na zaune da ciwo,
Moses ya harba, aka tare, ta faɗo
Gaban Mba, minti 40, daidai ƙafarshi.

Da dama ya ɗaga ta kan Koffi,
Da hagu ya maka ta da ƙarfi,
Shekara 19 ana jiran kofi,
Ɗan Warri Wolves ya biya bashi.

Kafin wannan rana, 10 ga Fabrairu, El-Gohary na Masar ne kaɗai ya taɓa cin kofin yana ɗan wasa ya kuma ci yana koci.

Baba na Kasuwar Dole:
Ƴaƴana, ina son mutumin nan kamar yadda kuke son shi, shi ya sa ba zan ɓoye inda ya yi tuntuɓe ba.

Kofin duniya, Brasiliya, 2014, da Faransa,
Kusan awa guda suna riƙe da wasa,
Matuidi ya taka Onazi ya faɗi ƙasa,
Aka fitar da shi, ba mai kama da shi.

Tsakiya ta buɗe kamar ƙofa,
Reuben ya shigo ba wasa a ƙafa,
Mba da Ike Uche suna gida fa,
Nan ne na ga kuskurenshi.

Bugun kwana, minti 79,
Enyeama ya mare ta, Pogba na jira,
Ya sa kai; Yobo kuma ya ƙara
A ragarsu, a wasan ƙarshe nashi.

Kwango ta ci su a Kalaba,
Sudan ma ba ta raga ba,
Kofin 2015 ba su je ba,
A Yuli aka raba shi da aikinshi.

Yaya ta Zongo:
Baba mun ji, ba ma musu,
Amma a tuna da halin aikinsu,
Bayan kofin da ya ciyo musu,
Watanni ya yi ba albashi.

A CHAN 2014, gasar Afirka ta ƴan gida zalla,
Maroko ta ci uku, ido ya kawo ƙwalla,
Aka dawo hutu, sai ku kalla
Yadda yara suka ji maganarshi.

Rabi'u Ali na Pillars ya ci,
Uzoenyi ya rama a ƙurewar lokaci,
Huɗu da uku, Maroko ta ji ɗaci,
Suka zo na uku, tagulla a wuyanshi.

Ɗan Birni:
Matarshi ta rasu a Disamba,
Wata shida bai yi bayanta ba,
A birnin Benin na Najeriya, yana da 54, ba a zata ba,
Ya ja na ƙarshen numfashi.

A Illah ta jihar Delta aka binne shi,
Filin wasan Asaba na ɗauke da sunanshi.

Allah ya ba ƴaƴanshi haƙuri. Baba, shekarunshi na Mali, 2008 zuwa 2010, ba wanda ya taɓa su tukuna, muna jiran baitinka.