Da gaske iskar kabon tana zama dutse a ƙarƙashin ƙasa?

Nafisa: Assalamu alaikum. Ana ta cewa masana sinadaran ƙasa sun mayar da iskar kabon dayoksaid dutse cikin shekara biyu, alhali a da an ɗauka sai an yi ɗaruruwan shekaru. Me ya kawo saurin? Kuma yaya aka tabbatar dutsen ta zama, ba silalewa ta yi ta koma sama ba?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Aikin CarbFix ne, a tashar lantarki ta Hellisheiði da ke ƙasar Aislan. A 2012 an tura tan 175 na iskar ba haɗe da wata iska ba, sannan tan 73 haɗe da haidurojin salfaid (iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai), zuwa zurfin mita 400 zuwa 800 cikin basalt, baƙin dutsen nan da aman wuta ke samarwa. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna sama da kashi 95 cikin 100 sun zama ma'adini kafin shekara biyu.

Dabarar ita ce ba a tura iskar tsurarta. Ana narkar da ita a ruwa da matsi, sai ruwan ya yi tsami, pH ɗinsa (ma'aunin tsami, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru) ya sauka kusa da 3. Irin wannan ruwa ya fi ruwan da ke cikin dutsen nauyi, don haka nutsewa yake yi, ba ya neman hanyar fita sama. Tsamin ya ci dutsen, ya saki kalshiyam da magnesiyam da ƙarfe. Yayin da ruwan ke nisa da rijiyar da aka tura shi ta cikinta tsamin na raguwa, sai waɗannan su haɗu da kabon su daskare a matsayin kalsait (ma'adinin farar ƙasa) da danginsa. Dutsen yashi ba shi da su da yawa, shi ya sa a can abin ke jan lokaci.

Batun tabbatarwa kuwa, alamu biyu aka zuba tare: kabon-14, wani nau'in kabon da na'ura ke iya ganowa, wanda ke bin kabon ɗin da aka tura duk inda ya shiga, da wani sinadari da ba ya haɗuwa da komai. A rijiyar sa ido, na biyun ya iso yadda aka lissafa, amma kabon-14 ya kusa ƙarewa. Giɓin shi ne abin da ya zauna a dutse. Famfon rijiyar ma daga baya ya tsaya, da aka ciro shi kalsait ya lulluɓe shi.

Injiniya Rabi: Malam Habu ya yi bayani, sai dai kada a manta da ruwa: kowane tan ɗaya na iska yana cin kusan tan 25. A Wallula ta jihar Washinton, Amurka, an tura kusan tan 1,000 na iskar cikin basalt a 2013 ba tare da narkarwa ba, kuma bayan shekara biyu an ga ƙwayoyin ankarait, wani dangin kalsait, a samfurin dutsen. Kuma ba kowane basalt ke aiki ba. Tsohon da yumɓu da ma'adinin ziyolait suka cike ƙofofinsa ba ya barin ruwa ya wuce. In tsamin ya ragu da wuri, ma'adinin zai daskare a bakin rijiya ya toshe ta.

Nafisa: Na gode. Shi kuma garin basalt da ake watsawa a gonaki don ya kama iskar, abu ɗaya ne?

Malam Habu: Sinadarin ɗaya ne, awon ne ke da wuya, Malama. Ana niƙa dutsen ya koma ƙasa da maikuron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, a gwaje-gwaje da yawa ana watsa tan 40 zuwa 50 a hekta. Iyakar abin da tan ɗaya zai kama bai wuce tan 0.3 na iska ba, shi ma in ya narke duka. A nan kabon ɗin ba dutse yake zama nan take ba, baikabonet ne, wato narkakken kabon, da ruwa ke ɗauka zuwa kogi da teku.

Yadda ake awo: a ɗebi ƙasa kafin watsawa da bayanta, daga zurfi ɗaya, a gauraya samfuri da yawa domin gona ba ta zama bai ɗaya. A auna taitaniyam, sinadarin da ke cikin garin wanda ruwa ba ya kwashewa, a san yawan garin da ke wurin, sannan a ga kalshiyam da magnesiyam nawa suka ɓace. Tarkon shi ne ɓacewarsu ba ta nufin an kama kabon. In asid ɗin takin naiturojin ne ya narkar da dutsen, ba a kama komai ba. Ƙasa mai tsami kuma tana riƙe su a jikin yumɓu shekaru kafin ta sake su. A ganina duk alƙaluman da ba a haɗa su da awon baikabonet ɗin ruwan da ke tsiyaya ƙarƙashin saiwa ba, a yi taka-tsantsan da su.

Injiniya Rabi: Kuma a gwada garin tukuna. Olibin, wani koren ma'adini da shi ma ake niƙawa, ya fi basalt kama iska nesa ba kusa ba, amma yana ɗauke da nikel da kuromiyam masu taruwa a ƙasar noma. Sannan a cire hayaƙin niƙa da na jigila daga lissafin, don in wurin fasa dutsen ya yi nisa, jigilar kaɗai tana cinye kaso mai tsoka.