Za a kai su Baba kallon Grand Canyon, a taimaka da shawara

Usman Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Baba da Hajiya za su je wurin ƙanena da ke karatu a Phoenix, jihar Arizona ta Amurka, cikin watan Afrilu. Yaron ya dage sai ya kai su kallon kwazazzabon nan na Grand Canyon. Baba ya haura saba'in, ga hawan jini, Hajiya kuma gwiwa ce matsalarta. Wanda ya san wurin ya taimaka mana.

Anti Binta: Wa alaikumus salam. Usman, ka gaya wa ƙanen naka ɓangaren kudu za su je, wanda ake kira South Rim. Shi ne a buɗe duk shekara, na arewa a rufe yake a Afrilu saboda ƙanƙara. Daga Phoenix tafiyar kusan awa 4 ce a mota, don haka kada ya ce zai je ya dawo da su rana ɗaya. Su kwana a Tusayan, garin da ke bakin ƙofar shiga, ko a Williams.

Malam Lawal Daura: Ni abu ɗaya zan ja kunne a kai: kada su gangara ciki. Ba irin hawan Dutsen Dala ba ne da ake fara hawa da ƙarfi, a sauko bayan an gaji. Nan sauka ake farawa, ƙafa na tafiya da kanta, mutum bai san ya yi nisa ba sai ya juyo ya ga abin da ke jiransa. Masu kula da wurin kan ce hawa na cin ninki biyu na lokacin sauka. Zurfin ya kai kilomita 1.6 kafin a tarar da kogin Kolorado. Hanyar Bright Angel da ke gangarawa cikin kwarin ta samari ce, a bar musu.

Usman Ƙofar Marusa: To Malam, idan ba su sauka ba me za su gani?

Malam Lawal Daura: Ai kallon daga sama yake. Akwai hanyar ƙafa da ta bi bakin kwarin, Rim Trail, a shafe take da kwalta a yawancin wurare, kusan a miƙe. Daga Mather Point zuwa Yavapai, wuraren tsayawa kallo ne a bakin kwarin, kilomita ɗaya ce da ɗan abu. A Yavapai akwai ɗakin nuna duwatsu mai manyan tagogin gilashi, Hajiya sai ta tsaya a ciki ta ƙare wa wurin kallo ba iska ba sanyi. In Baba na da sauran ƙarfi su ci gaba ta inda aka jera samfurin duwatsun kwarin a gefen hanya, kowace mita ɗaya tana matsayin shekara miliyan ɗaya. Sun gaji, su hau bas, kyauta ne.

Nas Hauwa: Yaya Usman, ni tudun wurin ne ya fi damu na. Bakin kwarin ya kai mita 2,100 sama da teku, mu nan Katsina kusan 500 muke. Iskar can ba ta ƙosar da numfashi kamar tamu, tsoho mai hawan jini zai iya jin haki ko jiri daga 'yar tafiya kaɗan. Baba ya ga likitansa kafin tafiya, magani ya zauna a aljihu, kada a bar shi a masauki. Su riƙa shan ruwa ko ba su ji ƙishi ba, iskar a bushe take. Kuma ba ko'ina ne aka sa shingen ƙarfe ba, mai jin jiri ya yi nesa da baki.

Sagir: Ni dai Skywalk nake ba da shawara, gadar gilashin nan da ake takawa ana hango ƙasa.

Anti Binta: Sagir, wannan wani wuri ne daban, a ƙasar ƙabilar Hualapai, ya fi kusa da Las Vegas, kuma kuɗinsa daban. Sannan wace Hajiyar ce za ta yarda ta taka gilashi a saman rami? Abin da zai fi musu amfani: hanyar Hermit, titin da ya bi bakin kwarin ta yamma, ba a barin motocin gida su bi ta daga Maris zuwa Nuwamba sai bas, amma a ƙofar shiga ana ba da takardar izini ga mai fama da tafiya. Ya tambaya saboda Hajiya. In lokaci ya rage su tuƙa gabas zuwa hasumiyar Desert View, ginin 1932, daga can kogin ya fi fitowa. Matakalarta dai a ƙyale.

Malam Lawal Daura: Su tafi da rigar sanyi, Afrilun can ba irin namu ba ne, da asuba har ƙanƙara ana iya samu. Baba ya ajiye sau-ciki ya sa kambas. Sai alƙibla: a can arewa maso gabas ake fuskanta, kada sabo ya sa ya kalli gabas.

Usman Ƙofar Marusa: Allah ya saka da alheri, na tura wa yaron duka. Anti, abinci fa? Baba ba ya cin naman da bai san yankansa ba.

Anti Binta: Su yo guzuri daga shagunan halal na Phoenix. Hajiya ta soya musu kaza a can, kilishi da dambun nama kam kada ta ɗauko daga gida, jami'an filin jirgi ba sa barin nama ya shiga.