Janareta a cikin shagon ɗinki: in fitar da shi ko in lallaɓa zuwa bayan Sallah?

Telan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shagona ƙofa ɗaya ne babu taga, ni da yara uku muke aiki. Tunda ɗinkin Sallah ya kankama muke kwana a kan keke. Da dare ina shigo da janareta ciki, in ja ƙofa rabi saboda ɓarayi. To zuwa ƙarfe biyu sai kanmu duka ya kama sarawa, ƙaramin yaron har amai ya yi shekaranjiya. Da mun fita sallar asuba sai abin ya lafa. Dubu 60 ce kaɗai a hannuna. In sa mai walda ya yi min keji a waje in sayi doguwar waya, ko in lallaɓa zuwa bayan Sallah in haɗa kuɗin sola? Don Allah kar a ce in daina aikin dare, kayan mutane ne a wuyana.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Ka daina aikin dare kawai malam, lafiya uwar jiki.

Ɗan Gwammaja: Azumi ne da rashin barci. Ku riƙa shan ruwa sosai bayan buɗa-baki, ku haɗiyi farasitamol. Duk tela haka yake a watan nan.

Maman Sadiq: Ɗan Gwammaja, ka ji tsoron Allah. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya, ciwon kai lokaci ɗaya, da sun fita iska ya sake su, wannan ai ba azumi ba ne. Hayaƙin injin ne. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, warin da kuke ji na fetur ne kawai. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, sai mutum ya ji kasala da barci, daga nan ba lallai ya farka ba. Buɗe ƙofa rabi ko kunna fanka ba ya maganinta. A fitar da shi waje, kamar mita 6 daga ƙofa, bakin salansa na kallon wani gefen. Yaron da ya yi amai kuma a kai shi asibiti, a faɗa musu a kusa da janareta yake kwana.

Abu Hanifa 77: Ban so yin magana ba wallahi. Ƙanina shagon aski gare shi. Wani dare da damina ruwa ya tsuge, ya shigo da injin don kar ya jiƙe, ya rufe ƙofa, shi da abokinsa suna kallon ƙwallo. Da safe mai shayin layin ya ji shiru, aka ɓalle ƙofa. Abokin ya rayu, amma har yau ba daidai yake ba, mantuwa ce da shi ta fitar hankali. Ƙanina yana zaune kan kujerar aski, wayarsa a cinya, kamar mai gyangyaɗi. Man injin ya ƙare, injin ya mutu da kansa. Abin da ke ci min rai, ni na saya masa injin nan, ni ne kuma nake ce masa ya kula da ɓarayi. Yanzu yaransa biyu suna gidana.

Hajiyar Atamfa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Baban Ilham: Allah ya gafarta masa. Amma kwana ne ya ƙare, ko ba inji zai tafi.

Abu Hanifa 77: Na san da ƙaddara, Baban Ilham, ba sai ka koya min ba. An ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Mai Walda Dakata: Keji da kwado biyu zan yi maka a dubu 35, a kafa shi da siminti.

Ɗan Gwammaja: Dubu 35 ina? Maƙwabcina dubu 18 aka yi masa. Kuma tela, ka mayar da injin ya koma gas, ba hayaƙi, ga sauƙi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa can ya koma.

Mai Walda Dakata: Na dubu 18 da almakashin tela ma za a yanka shi. Je ka tambayi kuɗin rodi yau ka dawo.

Maman Sadiq: Na gas ɗin ma yana fitar da gubar nan, ido ne kawai ba ya gani. Haka dutsen guga na gawayi a rufaffen shago.

Ɗan Gwammaja: Maman Sadiq, da girmamawa, kin taɓa kwana a shago kaya ɗari na jiranki? Masu sana'a ya tambaya.

Hajiyar Atamfa: Kai kuma sana'ar me kake yi, ban da raba farasitamol?

Sarkin Zolaya: Yanzu na gane. Ashe duk “gobe ka dawo, saura aljihu” da teloli ke mana, hayaƙi ne ke magana ba su ba. Telan Kurna, in kai ne shaddata take wajenka tun Sha'aban, na yafe ciwon kan, a fito min da ita.

Telan Kurna: Na gode ƙwarai. Yaya Abu Hanifa, Allah ya ba ku haƙuri, jikina ya yi sanyi. Matsalar, mai shagon ya ce ba a fasa masa daɓe, kuma mai kantin da ke gefena ya ce ƙara za ta dame shi.

Injiniya Sola: Dubu 60 ko batir mai kyau ba za ta saya maka ba, kuma dutsen guga sai ya shanye shi cikin ɗan lokaci. Turo min saƙo mu yi magana.

Baban Ilham: Duk wa ya jawo? Masu wuta. Layinmu kwana tara tiransifoma a lalace, mun yi karo-karo gida-gida, ga shi an kawo bil cikakke kamar mun sha.

Hajiyar Atamfa: Ku har bil ake kawo muku a rubuce? Mu sai dai mu ga tsani a jikin fol. Wa ya san inda ake kai ƙorafin mita? Shekara guda ke nan da na biya.